Murfin da Yaya Ya Tsinto a Maigatari

Shara nake yi a zaurenmu a Gumel da hantsi, na dafa mashin ɗin Baba don in sunkuya in zaro ledar da ta maƙale a ƙarƙashinsa, sai hannuna ya sauka a kan murfin gefen inji na ji shi da ɗumi. Ba zafin inji ba ne, don tun jiya babu wanda ya tayar da shi, kuma ba na rana ba ne, zauren rufe yake. Ɗumi ne irin na goshin mutum mai rai. Na taɓa tanki, sanyi, na taɓa salansa, sanyi, na koma kan murfin na bar tafina a kai ina mamaki. Da na ɗauke, sai na ji yatsuna sun yi sanyi ƙalau kamar na tsoma su a randa.

Wallahi da ni abin nan ya faru, bara waccan, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Mashin ɗin tsoho ne, ya girme ni. Da shi Baba ya yi aikin malamin gona, ba ƙauyen da bai shiga ba daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ya koma hannun yayana Sabo. Murfin tayimin ɗinsa, wato na gefen injin, shi ne ya tsage yana zubar da baƙin mai, kuma irinsa an daina kawowa tuntuni. Yaya ya je Maigatari ran kasuwa ya dawo da na wani mashin sabon yayi, ya kai wa Malam Ilu, tsohon makaniken Baba. Ina wurin aka ɗaura, na kai wa Yaya abinci na tsaya kallo, ni dama akwai son ganin ƙwaƙwaf. Murfin ya ɗan fi na asali faɗi, ramukan noti duk sun hau sai ɗaya, Malam Ilu ya huda wani, ya yanka gaskit da kwali ya shafa giris, ya daidaita tayimin yana leƙe da ido ɗaya. Bugu ɗaya mashin ya tashi, har muka yi dariya.

To tun daga ranar sharar nan mashin ya ƙi tashi. Yaya ya buga har ya yi gumi, ya ce in hau baya ya tura mu gangara, ina zama kuwa ya tashi da kansa kafin a tura. Na sauka, ya mutu. Na sake hawa, ya tashi.

“To Auta, ashe ke ce makullin,” in ji Yaya. “Sai in huda kunnenki in rataye ki a aljihu.”

Ni ma dariya na yi, kuma gaskiya abin ya fi ba ni sha'awa da tsoro a lokacin. Na sa maƙwabciyarmu ta hau, bai tashi ba. Na ɗora buhun gero, bai tashi ba. Kullum sai na je na taɓa murfin in ji, kullum ɗuminsa ƙaruwa yake, ni kuma sanyi yana hawa mini daga yatsu zuwa gwiwar hannu, har ta kai ina sa rigar sanyi ana tsakiyar bazara. An kai ni asibiti aka ɗibi jini, aka ce ba a ga komai ba.

Ranar da abin ya fito fili, bikin suna za mu je Maigatari da rana tsaka. Mun yi nisa a kan kwalta sai na ji mun karkata mun faɗa wata hanyar rairayi. Na ce Yaya ina za mu, ya ce, “Riƙe ni da kyau, kan mashin ne ya ƙi ni.” Muryarsa ta canza. Ya saki mai, ya taka birki, mashin bai fasa tafiya ba, a hankali dai, yana kauce wa ramuka kamar wanda ya san hanyar, har ya tsaya ƙofar wani gidan dangar kara ya mutu.

Wata tsohuwa ta fito da sauri, taɓarya a hannunta. Ba ta ko kalli Yaya ba, ni ta zuba wa ido ta ce, “Ashe ya kawo ki.” Ta matso ta ƙara dubana, fuskarta ta faɗi. “A'a. Ba ke ba ce.”

Ta shimfiɗa mana tabarma ta ba mu ruwa. Ta ce ƙarar injin ɗanta ta ji. Wai ya fita da mashin ɗinsa zai ɗauko matarsa da aka sallama daga asibiti a Gumel, tirela ta bi ta kansa kafin ya isa. Matar kuwa ba ta dawo gidan ba, can aka ci gaba da riƙe ta, jikinta ya yi ta sanyi har ta bi shi. Tana faɗa ta kamo hannuna ta ji sanyinsa, sannan ta ce da Yaya, “Ɗan nan, ko mene ne nasa a jikin abin nan, ku cire masa. Yarinyar nan ba tasa ba ce.”

A ƙasa muka tura mashin ɗin har bakin titi, na rantse ban ƙara hawa ba, a-kori-kura ce ta kwaso mu.

Da muka kai wa Malam Ilu labari ya saurara bai katse mu ba, sai ya ce, “Sabo, a cikin rumfa aka ba ka shi, ko a tsibin baya ka tsinta?” Yaya ya sunkuyar da kai ya ce a baya, mai rumfar ya tafi salla, maƙwabcinsa ya ce ya ɗauka kawai. Malam Ilu ya ce 'yan gwangwan na can ba sa haɗa ƙarfen mashin da aka rasa rai a kansa da kayan sayarwa, ware shi suke yi a baya su bai wa masu ƙera tukwane, wuta ce kaɗai take taɓa shi. Don Allah duk mai sayen kayan gwanjo ya riƙa tambaya daga ina, kada ya ga abu a yashe ya ɗauka.

Da tsumma ya kwance murfin, ya ce ya yi masa zafi a hannu, ya naɗe a buhu muka bi shi wurin wani maƙeri a bayan kasuwa. Maƙerin ya yi bismilla ya jefa shi cikin kaskon da ke kan wuta, ya ce in tsaya kusa. Ina kallo ya lanƙwashe ya narke, sai gumi ya keto mini tun daga tsakar ka, irin wanda na manta rabona da shi, na zauna a ƙasa.

Ana kiran la'asar maƙerin ya juye narkakken a jerin ramukan ƙasa. Na tambaye shi me zai zama, ya ce ludaya, gobe za a kai kasuwa a haɗa da sauran. Na ce to wanda ya saya fa? Sai ya juya wurin Yaya. Ya ce masa ya taɓa hannuna, Yaya ya taɓa ya ji ɗumi ya dawo, ya ɗaga kai.

“To shi ke nan, 'yata,” in ji maƙerin. “Ke dai kin fita. Tashi ki tafi gida.”