Yadda Malam Lanƙwasa Ya Zuba Kansa a Kwamfuta

A ofishin zanen injiniyoyi ana ce masa Malam Lanƙwasa, don ko gaisuwa ka yi masa sai ta ƙare a inda ya kamata bututu ya lanƙwashe. Da fensir da rula ya fara aiki, tun gashinsa na baƙi. Da kwamfuta ta zo, tsararrakinsa suka tattara nasu ya nasu. Shi kuwa ya zauna ya koya, yana riƙe linzaminta kamar zai cije shi. Matarsa takan ce ko a mafarki bututu yake ja.

Duk mai son sa bututu a zane sai ya tsaya gaban teburinsa ya tambayi kauri, da irin ƙarfe, da mahaɗar da ta dace. Wannan tsayuwar ce ke ciyar da gidansa, amma bawan Allah bai taɓa lura ba.

Wata safiya Manaja ya dafa kafaɗarsa, ya ce ilimi irin nasa bai kamata ya zauna a kai ɗaya ba, ya zuba shi a manhajar zane yadda kowa zai amfana. Bakin Malam har kunne. Ya duƙufa yana tsara salo-salo, kowanne da faɗinsa, da iyakar lanƙwasarsa, da tazarar mahaɗarsa. Sannan ya raɗa musu sunayen gida: ƙaton bututun ƙarfe Maman Yara, siririn jan ƙarfe Auta, na roba mai bin duk inda aka juya shi kuwa Suruki.

Aiki ya yi kyau fiye da kima. Ka zaɓi salo, ka danna nan, ka danna can, bututu ya kama hanyarsa. Gaban teburin Malam ya zama kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya riƙa zagayawa yana leƙa allon mutane ko akwai matsala. Babu.

"Baba, ai kai kana cikin kwamfuta yanzu," in ji wani injiniya mai gilashi. "Na kan kujerar ne ban san aikinsa ba."

Aka yi dariya, shi ma ya taya su.

Ba a jima ba Manaja ya kira shi, ya yabe shi sosai, sannan ya ce ƙarshen wata za a buƙaci teburin. Sai dai akwai alfarma ɗaya: sunayen nan suna ba abokan hulɗa dariya, ya mayar da su lambobi kafin ya tafi, tunda shi ya san wane ne wane.

Ranar ƙarshe ya zauna yana goge su. Suruki bai ba shi wahala ba. A kan Auta ya daɗe, har mai gilashi, wanda ya gaji teburin, ya tsaya a kansa rungume da kwalin kayansa yana tambaya ko kwamfutar ce ta maƙale.

"Lafiyarta lau," in ji Malam, ya danna.

Bai kai bakin ƙofa ba ya ji ana daidaita tsayin kujerarsa.