Kwanson Harsashin Kawu

Jiya ina kwashe kaya a unguwar Nuzla na tsinci kwanson harsashin babbar bindiga magnum na marigayi Kawu, wanda ya mayar gidan kwalli. Da irinsa yake harbin ɓauna a Sudan. Yakan ce, "Tsohon yayi ne, amma ba ya neman harbi na biyu."

Wata rana a hanyar Khumra ɗan sanda ya karɓi iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ya laluba aljihun Kawu, ya zaro kwanson.

"Ina bindigar?"

Kawu ya karɓa a hankali, ya cire toshiyar, ya rambaɗa kwalli.

"Na baro ta a Sudan tare da ƙuruciyata, ɗana."

"Yalla, ku wuce."

Allah ya sa haka tambayar kabari ta zo masa da sauƙi.