Mai Ɗaga Ƙofar Masallaci

Jama'a, a gyara hanya! Ga Sarkin Laka, wanda ban san sunansa ba, balle inda ya baro takalmansa. Tsoho ne siriri, laka har gwiwa, jar ƙasa har gemu. Limaminmu ya ɗauko shi daga Dundaye don ya ɗaga ƙofar tsohon masallaci, domin masu ginin sun kwanta dama, yanzu fataken Buzaye ke cika sahu, kuma kullum sai azarar ƙofa ta tuɓe wa wani rawani.

Yana saran bango da gatari kamar mai jin haushinsa. Amma da ya kai saman ƙofa, inda shatin yatsu ya fito a jikin yaɓe, sai hannunsa ya yi sanyi. Yana ɓamɓarowa a hankali, don kuskure kaɗan zai rugurguje. Ya sauko da yaɓen mai shatin ɗungurungum, ya naɗe cikin riga. A raina na ce, ko aljani ne ciki, ko yunwa ce.

Na ce, "Baba, wanga tsarabar gida ce? Da wace miya ake ci?"

Bai ko dube ni ba.

"Yatsun ubana ne. Matsa, kana taka mani kwaɓi."