Tsinken da na zara a Kakuri

"Malam Hudu, mayar da kuɗinka aljihu. Ba ka gane ni ba?"

Mai keken da ya sauke ni a Kakuri ɗazu ke nan. Ashe Bitrus ne, ɗan Filato, wanda a da muke karɓa-karɓa da shi a injin saƙa ɗaya a masaƙa.

Farkon dawowar mulkin farar hula aka rage ma'aikata. Ƙa'idar ita ce wanda ya zo daga baya shi zai fara tafiya, mu kuma rana ɗaya aka ɗauke mu. Sai foman, shugabanmu a wurin aiki, ya karyo tsinken tsintsiya biyu ya ce mu zara. Bitrus ya zari gajeren, aka biya shi haƙƙinsa na sallama ya tafi. Na kasa haɗa ido da shi.

Ba a daɗe ba masaƙar ta rufe. Mu da muka rage har yau ba a biya mu ba, shi ya sa ban koma garinmu Gumel ba. Da me zan koma?

Na ce, "Bitrus, na daɗe ina son in ba ka haƙuri."

Ya yi dariya. "Haƙurin me, mutumina? Ai ni ke nemanka in ba ka."

Foman bai zalunci kowa ba, na shaida. Amma har na iso masaukina a unguwar Makera ban gane wanda tsinken nan ya kora ba. Ku da kuke gefe, wa ya ci a cikinmu?