Torun Hauge da Duwatsun Saint-Orvel

Haihuwa da Karatu

An haifi Torun Hauge a shekarar 1939 a garin Molde na ƙasar Norway. Mahaifinta Eilif masunci ne, mahaifiyarta Gunvor malamar firamare. A shekarar 1962 ta sami tallafin karatu na shekara uku, ta zo Faransa nazarin alamomin da masassaƙan dutse na dā ke yi a jikin majami'u, kowa da tasa, domin a san aikin hannunsa.

Zuwanta Normandi

A 1964 ta iso ƙauyen Saint-Orvel da ke yankin Normandi, inda ake gyaran majami'ar da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka rusa. Nan ta ga wata alama mai kama da sawun tsuntsu a jikin duwatsu arba'in, ta gina rabin kundin digirinta bisa cewa aikin wani gwani ne na ƙarni na goma sha uku.

Shugaban masu gyaran kuwa shi ne Firmin Lecaudey, wanda kiwon shanu da yaƙi suka hana shi makaranta, wanda ya kwana uku ƙarƙashin ɓaraguzai a 1944 ya fito da ƙafarsa, ya faɗo daga saman gini sau biyu, kuma har yau Normandi ba ta sake haihuwar masassaƙi irinsa ba. Alamar tasa ce, gadon kakansa, kuma bisa al'adar sana'ar yakan shafe sabon dutse da toka da ruwan kashin shanu har ya saje da tsoho. Mako biyu ya yi yana riƙe mata tsani bakinsa ƙulle, don ya san ranar da ta ji, kundin ya rushe. Ranar da za ta aika wa malaminta na jami'a da kundin, ya kasa haƙuri.

"Malama, gwanin nan naki, ga shi gabanki yana cin burodi da cuku."

"Malam Lecaudey, ba na son wasa."

Ya ɗauki kurfin sassaƙa dutse, ya fitar mata da alamar kafin ta rufe baki. Ta zauna, ta ce, "Lallai ka iya tsufa. Shekara ɗari bakwai, ko furfura babu." Sannan ta fashe da kuka.

Da hannunta ta janye kundin. Tallafin ya ƙare a 1965 babu digiri.

Aure da Iyali

Ita da Firmin sun yi aure a 1966. Ta yi shekara talatin tana zagayawa da baƙi cikin majami'ar, tana renon yara, ba ta taɓa yi masa gorin abin da ta rasa ba.

Cikar Buri

A 1997 ta koma jami'a. Firmin ya bi ta majami'u sittin, yana shafa dutse da tafin hannu yana rarrabe mata sabo da tsoho, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ta karɓi digirin a 2001, tana da shekara sittin da biyu.

Rasuwa

Ta rasu ranar 14 ga Maris, 2019, aka binne ta a maƙabartar Saint-Orvel. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku, Maud da Eilif da Solène, da jikoki biyar. Kowace Lahadi Maud ke karanta wa mahaifinta kundin. Sun kai shafi na 212, ya ce ta rage sauri kada ya ƙare da wuri.