Mai Rakiyar Keke

A cikin masu ɗaukar jakunkunan alhazai a filin jirgin sama na Madina, babu wanda aka fi tsokana kamar Rabo, wani siririn mutumin Tasawa mai ƙarancin magana. Dalili kuwa keke ne.

Kamfaninsu ne ya raba wa ma'aikata kekuna don su riƙa zuwa aiki a kai, aka ce idan shirin ya ƙare, duk wanda ya hau nasa da gaske za a bar masa. Kowa ya ɗare yana murna, ban da Rabo. Shi masaukinsu a cikin iyakar Harami yake, don haka kullum sai ya riƙe ƙahon keken ya yi ta turawa a ƙasa, sai ya wuce allon da ke nuna ƙarshen Harami sannan ya hau, alhali lokacin tafiyar ta kusa ƙarewa. Ranar da zai baro gida mahaifinsa ya ce masa, ƙasar da Annabi ya taka da ƙafarsa, kada ya kuskura ya bi ta yana ƙafa bisa. Idan aka tuna masa ai yana shiga mota, sai ya ce ita mota ɗaukarsa ake yi, keke kuwa shi ke hawa. Wannan fatawar dai Rabo kaɗai ya san inda ya samo ta.

Mu'azzam, wani Bakano mai bakin tsiya da suke ɗaki ɗaya, shi ya raɗa masa suna Mai Rakiyar Keke. Yakan wuce shi da gudu yana kaɗa ƙararrawa yana cewa, "Rabo, a gaida maigidan naka, kada ka bari ya gaji!"

Abin da 'yan wurin aiki ba su sani ba, keken yana da mahayi. A bayan masaukin akwai wani tsoho, Baba Osman, wanda gwiwoyinsa suka daina ɗaukarsa, masallacin unguwa kuma yana saman wani ɗan hawa. Ya daɗe bai yi jam'i ba kafin zuwan keken nan. Duk magariba Rabo zai ɗora shi a kan sirdi, hannu ɗaya a ƙaho, ɗaya a bayan tsohon, ya tura shi har ƙofar masallaci. Shi mai lalura ne, in ji Rabo, hawa ya halatta gare shi.

Da shirin ya ƙare, Saif, shugaban sashensu, ya tara su. Haifaffen Madina ne, yana jin Hausa amma da Larabci ya fi amsawa. Ya zo kan Rabo ya tambaya ko yana hawa. Kafin ya buɗe baki Mu'azzam ya cafe, "Wallahi mudir, rakiya kawai yake masa!" Aka kwashe da dariya.

Saif ya dube shi. "Sahih, ya Rabo?"

Da Rabo ya ambaci tsohon, da wataƙila an bar masa keken. Amma a wurin Rabo, alherin da aka faɗa a gaban taro ya riga ya zube. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya na, turawa ta hi yawa."

"Khalas, shi ke nan, sai ka dawo da shi," in ji Saif. Aka jera keken a cikin waɗanda za a mayar. Zuciyar Rabo ta yi nauyi ƙwarai, domin ya san tsohon zai fito jira.

Ya kuwa same shi a bakin ƙofa, ya yi alwala, ya sa farar hularsa. Baba Osman ya leƙa bayan Rabo bai ga keke ba. Ya soma lalubar bango zai koma ciki. Sai Rabo ya juya masa baya ya durƙusa.

"Hau, Baba. An kusa tada salla."

Mu'azzam yana dawowa a kan kekensa, wanda yanzu ya zama nasa, ya hango su a tsakiyar hawan. Mutumin da ya wuni yana jidar jakunkuna, ga shi goye da tsoho, ƙafafun tsohon na reto a gefensa, jan dutsen Uhudu a can bayansu, ladanai suna ta amsa wa juna. Kunya ta rufe Mu'azzam. Bai san lokacin da ya sauka ba. Ya turo keken a ƙasa har ya cim musu, ya ce, "Baba, ga keke. Naku ne daga yau."

Tsohon bai ɗago ba. Kumatunsa na kan kafaɗar Rabo, hawaye sun jiƙa rigar aikin.

"Gobe, ɗana. Yau ka bar ni a nan," ya ce. "Haka uwata ta shigo da ni garin nan daga hanyar Sudan, tun daga ranar ba wanda ya sake goya ni."

Suka ci gaba da hawa, Rabo a gaba, Mu'azzam a baya yana tura keke.