Sawun da Ban Bari An Gama Bi Ba

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Yanzu ni tsoho ne, amma lokacin da abin ya faru kofur ne ni na 'yan sanda, ban kai talatin ba, kuma kaina a kumbure yake. Da aikin ɗan doka na fara, aka haɗe mu da 'yan sandan tarayya, sai na riƙa ganin duk wanda bai iya riƙe biro ba bai san komai ba. Aka ba ni riƙon wani ƙaramin caji ofis a wani ƙauye da ke arewa da Sule Tankarkar, ɗaki ɗaya da wurin tsare mutane, ni da kurata biyu. In ka ga yadda nake taku ran kasuwa, sai ka rantse jihar Kano gaba ɗaya a hannuna take.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Aka karɓe motarmu, aka bar Landiroba ɗaya tal tsakanin ofisoshi uku, namu rabon ranar Talata ce, sauran kwanaki sai keke. Ana nan sai sufeton da ke duba mu ya zo ya ce ɗaya daga cikin ukun za a rufe, kuma littafi zai duba: ƙara nawa aka kawo, nawa aka kai kotu. Namu littafin kuwa cike yake da satar dabbobi da ba a kama kowa ba, don iyaka na kusa, ɓarawo na tsallakawa shi ke nan. Ya wanke ni tas a gaban kuratana, ya ce zai dawo ƙarshen wata, in bai ga canji ba in manta da zama saje.

Talatar da ta biyo, da hantsi, wani Bafulatani ya zo ya ce an kwance masa sa daga turke. Ya taho da wani dattijo mai bin sawu, wanda duk yankin aka yarda da idonsa. Ga yadda al'adar take a wurinmu: ana bin sawun dabba har inda ya shiga. In ya shiga gari, sai Bulama, wato mai garin, ya fito da mutanensa a zagaye garin daga nesa ana duba ƙasa. In an ga inda sawun ya fita, gari ya wanku, a ci gaba da bi. In an gama zagaye ba a gani ba, to sawu ya mutu a nan, dole garin ya fito da ɓarawo. Ba a yanke hukunci sai an rufe zagayen, kowa ya san haka, har ni.

Muka bi sawun, dattijon a ƙasa, mu a mota a bayansa, har bakin rijiyar wani ɗan ƙauye. Nan garkuna suka riga mu shan ruwa, suka tattake wurin kaf. Bulama ya fito, aka fara zagaye ta gabas. Ba a yi rabi ba direba ya matso ya ce mini dole ya kai motar ɗaya ofishin kafin la'asar, in ba haka ba shi za a tuhuma. Dattijon ya roƙe ni in ba shi zuwa yamma. Ya ce kofaton san na baya yana da ɗan tsagu, ba zai ɓace masa ba, kuma zuciyarsa na ba shi arewa, wajen wani fako mai tauri inda ƙasa ba ta riƙe sawu sosai. Ni kuwa na ce masa gwamnati ba ta aiki da duban ƙasa. Dattijon ya sunkuyar da kai.

Na sa aka binciki gidan da ya fi kusa da rijiyar. Na wani mutum ne mai tufka igiyar kaba, ya kusa sa'an mahaifina. Aka fito da igiyoyi, na ɗaga ɗaya na tambayi mai sa ko irin tasa ce. Ya ce ta yi kama. Dattijon ya ce mini rabin dabbobin yankin nan da igiyar mutumin nan ake ɗaure su, na yi kamar ban ji ba. Bulama ya ce a bari a rufe zagaye tukuna, na ce in ya ƙara magana har shi zan sa a mota. Da na buga wa mutumin ankwa bai yi gardama ba. Ya dai riƙa ce mini ranka ya daɗe, yana roƙon in bari ya nuna wa matarsa inda ya ajiye irin gero, don damina ta kusa. Ban bari ba, direba na ta danna oda. A takarda na rubuta cewa sawu ya ƙare a ƙofar gidansa. Dattijon ya ƙi dangwala hannu, sai na cire shi daga cikin shaidu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Ranar Alhamis dattijon ya zo ofis a ƙafa, ƙura har gwiwa. Ya ce bayan tafiyarmu shi kaɗai ya ƙarasa zagayen, ya sami sawun a bayan fakon, da tsagun da komai, ya bi shi har iyaka. Ya ce in zo in gani da idona kafin ƙasa ta canja. A lokacin ba a yanke wa mutumin hukunci ba, kuma keke zai kai ni wurin kafin azahar. Amma na riga na aika wa sufeto labarin kamun. Na ce wa dattijon ya dawo Talata idan mota ta zo. Ya dube ni, ya ce Allah ya kai mu. Ranar Lahadi aka sheƙa ruwan fari, ya shafe sawun. Gari duka na murna za a yi shuka, ni ma ina murna, amma tawa daban ce, kuma Allah ya san da ita.

Aka ɗaure mutumin shekara ɗaya da rabi. Sufeto ya yaba mini, na zama saje, ofishin kuma bayan shekara aka rufe shi duk da haka. Da mutumin ya fito, garinsu bai karɓe shi ba, don a idon maƙwabta shi ya sa sawu ya mutu a garin, ya jawo musu abin kunya. Aka daina sayen igiyarsa, aka riƙa kiran 'ya'yansa da sunan da ba nasu ba. Daga baya na ji ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar.

Sai bayan na yi ritaya na sami ƙarfin nemansa. Na yi ta cigiya a kasuwar Maigatari, har aka nuna mini babban ɗansa, magidanci da furfura, yana sayar da awaki. Na ce masa ni tsohon ɗan sanda ne da ya san maganar mahaifinsa. Ya ce tsohon ya rasu tuntuni. Ya ce har ya koma ga Allah ba ya bari a zagi kofur ɗin da ya kama shi, yana cewa yaro ne, ruɗinsa aka yi, da ya san gaskiya da bai yi ba. Ya tambaye ni ko na san kofur ɗin. Na ce na san shi, na yi wa mamacin addu'a, na juya. Ko a ranar ban iya faɗa masa cewa ni ne ba.

Na daɗe ina ɗora laifin kan mota, kan sufeto, kan gwamnatin da ta ƙi ba mu kayan aiki. Duk sun matsa mini, gaskiya ne, amma babu wanda ya riƙe mini hannu da nake rubutun nan. Ina kira ga manya masu auna na ƙasa da su da yawan kamu, su sani matsin nan a kan talaka yake sauka. Ku kuma matasa masu kaki, in mai ido ya ce muku da saura, ku tsaya a ƙarasa, ko da za a rufe ofis ɗin, ko da girman zai wuce ku. Ni na sami girman, na ci fansho, na yi jikoki. Yafiyar da mutumin nan ya bari kuwa ta kofur ɗin da bai san gaskiya ba ce, ni kuma na san ta, don haka har yau ba ni da ita.